Gidana na Gbazango: in sayar yanzu, ko in jira jirgin ƙasa ya ƙara masa kuɗi?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayani. Ina da gida a Gbazango, can cikin Kubwa. Da adashi da rancen wurin aiki na gina shi, tun ana cewa za a kawo jirgin ƙasa na cikin garin Abuja muna dariya. Ɓangare ɗaya nake ciki da iyali, ɗaya ɓangaren ciki da falo guda huɗu ne na 'yan haya. Daga ƙofata zuwa tashar jirgi tafiyar kamar minti goma ce. Saura shekara biyu in yi ritaya, kuma niyyata in koma Zariya. Makon jiya wani dillali ya kawo mini mutum, ya taya gidan kusan ninki biyu na tayin da aka yi mini a 2022. Dillalin ya ce albarkar jirgi ce. Uwargida ta ce idan jirgi ne, ai yanzu aka fara, kar in kuskura. Ƙanena kuma ya ce in sayar tun kafin jirgin ya sake kwanciya. Ni dai kaina ya kulle.

Dillalin Deidei: Wa alaikumus salam Alhaji. Hajiya ta fi ku gaskiya. Ƙasa ba ta ruɓa, ba ta tsufa, kuma duk inda gwamnati ta kafa tasha to ta kafa kasuwa. Riƙe abinka. In kuma ka matsu sai ka sayar, ka neme ni ta bayan fage, ina da masu kuɗi a hannu.

Maman Walid: To fa. Riƙe abinka, amma in za ka sayar ka neme ni. Dillali ke nan, kowane gefe tabarmar ta naɗu yana kai.

Dillalin Deidei: Hajiya ai la'ada halal ce.

Injiniya Mai Ritaya: Baban Ummi, kafin a kai ga jirgi, bari in tambaye ka abu ɗaya. A 2022 da aka yi maka tayin farko, nawa kake sayen buhun siminti, yau kuma nawa ne? Ka tuna an cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta zo ta wuce 1,000 a 2024. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Siminti da rodi da kwano duk sun ninka. Idan gidanka ya ninka a naira cikin wannan lokacin, ba lallai ne ya ƙara daraja ba, wataƙila tsayawa kawai ya yi a inda yake, naira ce ta zame daga ƙarƙashinsa. Gwajin mai sauƙi ne. Ka aika a tambayo maka irin gidanka a Dutsen Alhaji ko a Mararaba, inda ko ƙarar jirgi ba su ji. Idan can ma ya ninka, to dillalinka ya ɗauko hular naira ne ya sa wa jirgi.

Baban Ummi: Injiniya wallahi ban yi wannan lissafin ba. Wani abokin aikina ya sayar da nasa a Karu kwanakin baya, shi ma kusan ninki biyun aka ba shi.

Injiniya Mai Ritaya: Ka gani ko? Karu kuwa ba su da ko sandar dogo.

Dillalin Deidei: Ranka ya daɗe kada a raina jirgi. Ni nake yawo da masu saye a mota. Da, idan na ce wa mutum Kagini sai ya yatsina fuska. Yanzu shi da kansa yake tambaya, kusa da tasha ne? Ko da jirgin bai ɗauki kowa ba, sunansa kaɗai yana sayar da fili.

Injiniya Mai Ritaya: Na yarda da wannan, kuma a nan haɗarin yake. Suna yana sayar da fili, amma suna ba ya riƙe farashi. Mu tuna tarihin wannan jirgin. A 2007 aka ba da kwangilar ga kamfanin CCECC na Sin. Sai ranar 12 ga Yuli 2018 Buhari ya ƙaddamar da shi, shekara goma sha ɗaya ke nan. Kilomita 45 ne, tasha goma sha biyu: takwas a layin da ya taso daga tsakiyar gari ya bi ta filin wasa da Kukwaba da Wupa da Idu da Bassanjiwa zuwa filin jirgin sama, huɗu kuma a reshen da ya fita daga Idu ya bi Gwagwa, Deidei, Kagini, ya tsaya a Gbazango. A 2020 da korona ta zo aka tsayar da shi, bai dawo ba sai ranar 29 ga Mayu 2024 da Tinubu ya sake buɗe shi. Wanda ya sayi fili kusa da tasha a 2018 da tsada don jirgi, shekara huɗu ya yi yana kallon ciyawa tana cin dogo. Wannan shi ne abin da ƙanen Baban Ummi yake tsoro, kuma tsoronsa na da tushe.

Maman Walid: Ni bari in yi magana a matsayin 'yar haya, tunda duk masu gidaje ne ke ta lissafi. A Kubwa nake, maigidana yana aiki a Wuse. Lokacin da jirgin ya dawo aka ce kyauta ne har ƙarshen 2024, sai muka ce Allah ya kawo sauƙi. Ya gwada na mako biyu. Daga gida sai ya hau acaba zuwa tasha. Daga Gbazango zuwa Idu, a Idu a sauka a canza, sannan a shiga gari. Idan ya sauka a babbar tasha ta tsakiyar gari kuma ba a Wuse yake ba, sai ya sake neman mota. Sawun jirgin a lokacin da yatsun hannu ake ƙirga shi, in ya wuce ka to ya wuce ka. Rannan ya dawo ya ajiye jaka ya ce, kyautar nan ta fi kuɗin mota tsada. Ya koma bakin titi yana tsayar da mota kamar da. Amma da shekara ta zagayo, mai gidanmu ya aiko yaronsa da takarda, wai an ƙara kuɗin haya, dalili na farko da ya rubuta shi ne gidan yana kusa da tashar jirgi. Jirgin da ba mu hawa! Na ce wa yaron ka gaya wa Baba ya cire mana jirgin daga cikin hayar, ya riƙe abinsa.

Hajiya Mai Atamfa: Maman Walid kin kashe ni da dariya. Amma ki yi wa masu gida adalci, su ma fenti da gyaran famfo da kwashe masai duk sun tashi.

Maman Walid: To ya ce fenti ne mana, Hajiya. Fenti na gani da idona. Jirgi kuwa ƙararsa kawai nake samu.

Baban Ummi: Maman Walid kin sa na ji kunya, don ni ma na yi niyyar ƙara wa nawa, kuma jirgin nan na so in kafa hujja da shi.

Maman Walid: Baba ka tambaye su tukuna, mutum nawa ne a cikin huɗun nan ke hawansa zuwa aiki. In duka huɗun ne, ka ƙara, sun rage kuɗin mota ai.

Ɗan Agege: Ku bari in kawo muku labarin Legas, don mu nan jirgi ba baƙo ba ne. Agege ai dogo ne ya kawo kakanninmu, da goro da shanu. Yanzu muna da na cikin gari guda biyu. Shuɗin layi ya fara ɗaukar fasinja a Satumba 2023, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, da lantarki yake tafiya. Jan layi kuma ya fara a Oktoba 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, kuma yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Bambancinmu da ku shi ne, nan jirgin cikin mutane ya ratsa. Ka sauka a Oshodi, ka sauka a kasuwa. Ka sauka a Yaba, ka sauka a kasuwa. Wanda ya san abin da gosulon Legas yake yi wa rai, ya san darajar a ce ka taso daga Marina ka isa Mile 2 cikin minti ashirin da wani abu. Naku na Abuja kuwa, na hau shi sau ɗaya daga filin jirgi, rabin hanyar daji na gani da duwatsu.

Injiniya Mai Ritaya: Daidai ne. Kuma inda jama'a suka fi yawa, wato Nyanya da Karu da Mararaba, can ne ba a kai shi ba. Yana cikin zanen, amma ba a gina ba. Duk wanda ya taɓa kwana a kan hanyar da ta taso daga mahaɗar AYA ta Asokoro zuwa Nyanya da yamma ya san inda ya kamata a fara.

Ɗan Agege: Sai dai Baban Ummi ka ji ɗaya gefen. Kusa da tasha daban, kusa da dogo daban. Gidan kawuna bayansa dogo ne, tsakaninsu bai fi taku talatin ba, tasha kuma tana da nisa. Idan jirgi zai wuce, kwanukan da ke jere a kan kabad ɗin matarsa sai sun yi ta kaɗawa, labarai a rediyo sai a dakata. Ga ham da asuba. 'Yan hayan da yake samu su ne waɗanda ba su da zaɓi. Wani abokinsa kuma da yake layi na huɗu daga tasha, ba ya jin komai sai daga nesa, shi ne ya mayar da zaurensa da garejinsa shaguna uku. Unguwa ɗaya, jirgi ɗaya, wani ya samu wani ya rasa.

Baban Ummi: Nawa ba a jikin dogo yake ba, akwai layuka biyu tsakaninmu. Muna jin sa dai amma ba ya hana barci.

Ɗan Agege: To ka faɗa a wuri mai kyau.

Barista: Ina karanta ku tun ɗazu, kuma ba wanda ya yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Alhaji, wace takarda ke hannunka? Satifiket ɗin mallakar fili ne na ministan Abuja, ko takardar ƙaramar hukuma, ko kuwa yarjejeniyar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu?

Baban Ummi: Barista, ta ƙaramar hukuma ce. Na sayi filin daga hannun wanda aka ba, na kai takardun don a daidaita su shekarun baya, an ba ni shaidar karɓa. Satifiket dai bai fito ba.

Barista: To a nan ya kamata hankalinka ya tsaya, ba a kan jirgi ba. Bari in yi bayani don amfanin kowa, ku gafarce ni idan na tsawaita.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A Abuja kuma tsarin mulki ya ce ƙasar duka ta gwamnatin tarayya ce, minista ke rabawa a madadin shugaban ƙasa. Abin da kai da ni muke riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99. Sashe na 28 na dokar ya ba da ikon soke wannan izini idan bukatar jama'a ta taso, kuma dogo da tasha da hanyar shiga tasha da wurin ajiye motoci duk bukatar jama'a ne. Sashe na 29 shi ya yi maganar diyya, kuma a nan mutane suke shan mamaki. Ba a biyan ka farashin da dillali zai sayar maka da filin. Ana biyan abin da ka ɗora a kansa: gini, a kan abin da zai ci a sake yin irinsa, a cire tsufan da ya yi, amfanin gona da itatuwa, a kan ƙimar da jami'i ya yanka, ita ƙasar kanta kuwa, kuɗin harajin da ka biya a shekarar da aka soke, shi ke nan.

Ma'anar wannan ita ce, ƙarin darajar da jirgi ya kawo wa wurinka kasuwa ce kawai ta san da shi, doka ba ta san shi ba. Wanda ya sayi fili fayau a jikin tasha da tsada, idan aka zo faɗaɗa hanya aka bi ta kansa, kusan hannu rabbana zai tashi. Wannan ga mai cikakkiyar takarda ke nan. Wanda ba shi da ita, sai dai a tausaya masa.

Sannan ku lura da wani abu. Unguwar da ba wanda ya damu da ita, ba wanda yake zuwa duba takardunta. Ranar da ta yi daraja, ranar ake buɗe tsofaffin fayil. Mai takarda mai ƙarfi jirgi alheri ne a gare shi. Mai takarda mai rauni, jirgi fitila ce aka haska masa.

Hajiya Mai Atamfa: Innalillahi. Barista ka tayar mini da hankali, nawa filin na Gwagwa takardar mai unguwa ce kawai.

Barista: Hajiya ba don in tsorata ki na faɗa ba. Ki samu safiyo mai rajista ya ɗauko lambobin wurin, a kai AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, a bincika a ga me aka tsara za a yi a nan, kuma ko an taɓa ba wani. Kuɗin binciken bai kai kuɗin tirela ɗaya ta yashi ba. Masu satifiket ma kada su yi barci: a Maris 2025 an soke takardun filaye sama da 4,000 a manyan unguwannin Abuja saboda an shekara goma ko fiye ba a biya harajin ƙasa ba.

Dillalin Deidei: Barista, in aka bi taka ai ba wanda zai sayi ko taku ɗaya a bayan gari. Rabin Kubwa da Deidei da Gwagwa da wace takarda suke zaune? Ga su nan shekara talatin.

Barista: Suna nan, Alhaji. Waɗanda aka yi wa jan fentin rusau a bango su ma suna nan kafin ranar. Ni ban ce kar a saya ba, na ce a san abin da ake saye, kuma farashi ya nuna shi.

Bakano: Ni duk wannan zancen na Abuja ne, ku zo Kano ku ga ikon Allah. Tun zamanin Ganduje ake maganar jirgin cikin gari, har yau ba mu ga tarago ba, amma an sayar da fulotai da sunansa sun fi a ƙirga. Wani yaron shagona ya tara kuɗinsa shekara uku, aka kai shi bayan gari aka nuna masa gona, awon igiya, aka ce ga inda tasha za ta zauna, har da nuna masa wata bishiyar ɗorawa wai nan ne ƙofar shiga. Na tambaye shi, wa ya nuna maka zane? Ya ce dillalin ya rantse. Yanzu damina uku ke nan yana noma gyaɗa a tashar.

Maman Walid: Allah ya ba da yabanya mai kyau.

Bakano: Amin Hajiya. Haka aka yi da dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Shi wannan aƙalla ana ganin aiki a ƙasa. Amma ko shi, mutane sun ɗauka duk inda dogo ya bi arziki ya bi. Dogon da ya ratsa gonarka bai tsaya ba, raba maka ita biyu kawai ya yi, sai ka zagaya kafin ka kai taki ɗaya ɓarin.

Malam na Gwagwa: Tunda an taɓo dillalai, bari in yi tunatarwa, ba da wani nake ba. Akwai abin da malamai suke kira najashi, wato a kawo mutumin da ba saye zai yi ba ya yi ta ƙara tayi don a zuga na gaskiya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Haka nan sayar wa mutum fili da labarin tashar da kai kanka ba ka tabbatar ba, algus ne. Shi kuma mai gida, yana da haƙƙin ya sa wa gidansa kuɗin da ya ga dama idan wa'adin haya ya cika, amma ba a tsakiyar shekara ba, kuma ya faɗi dalilinsa na gaskiya. Baban Ummi, ka tabbata mutumin da aka kawo maka mai saye ne, ba ɗan rakiya ba.

Dillalin Deidei: Allah gafarta Malam, mu dai ba mu yi.

Malam na Gwagwa: Na ce ba da wani nake ba, Alhaji.

Ɗan Rigasa: Ni ina ganin ana yi wa jirgi rashin adalci a zauren nan. Ku zo Rigasa. Kafin 2016 da aka buɗe dogon Abuja zuwa Kaduna, wa yake zuwa bayan Rigasa in ba mai gona ba? Da tasha ta zauna, kuma hanyar mota ta zama abin tsoro saboda masu garkuwa, manya da ƙanana kowa ya dawo jirgi. Muna gani aka yi titi, aka yi shaguna, masu abinci, masu ajiye motoci, masu adaidaita. Maƙwabcinmu tsoho da yake da gona a wajen, 'ya'yansa sun yanka ta fulotai, har Makka suka kai shi da matansa biyu.

Injiniya Mai Ritaya: Gaskiya ne. To faɗa musu abin da ya faru bayan 28 ga Maris 2022.

Ɗan Rigasa: Wannan kam ba a son tunawa. Da aka kai wa jirgin hari aka tsayar da shi, bai dawo ba sai Disamba. Wata takwas wurin nan kamar an yi shara. Mai shayin da nake zama wurinsa, da yake ƙarar da kiret ɗin ƙwai biyar kafin azahar, ya koma ɗaya ma sai ya kwana. Wasu sun rufe shagunan sun bar makullai a hannun masu su. Amma Injiniya, farashin fili bai faɗi ba fa. Tsayawa ya yi, ba mai saye ba mai sayarwa.

Injiniya Mai Ritaya: Haka ƙasa take yi a wurinmu, ba ta faɗuwa a baki, sai dai ka nemi mai saye ka rasa. Ga wanda yake da lokaci wannan ba komai ba ne. Ga mai ritaya da yake son kuɗinsa a wata takamaimai don ya yi gini a Zariya, babban abu ne. Kuma ba yau aka fara ba. Dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta bi shi, gari ya tumbatsa. Kafanchan mahaɗar dogo ce ta mayar da ita gari. Nguru da Kauran Namoda nan ne ƙarshen layi, kowannensu ya ci zamaninsa. Da jiragen suka daina zuwa, ku je ku ga unguwannin ma'aikatan reluwe. Ƙarfen yana nan a shimfiɗe, bai hana komai ba. Na je Addis Ababa wani taro, na hau nasu da aka buɗe a 2015, mai lantarki, a tsakiyar gari. Jama'a kamar su fasa shi, amma da yawan taragon suna ajiye saboda rashin kayan gyara, kuma shingen da aka yi masa ya raba manyan tituna biyu, mai shago yana kallon mai saye a tsallake ba hanyar ƙetarowa sai an yi tafiya. Abin da yake sa gida ya yi tsada shi ne mutum ya iya fita ƙofarsa ba tare da ya duba agogo ba, ya san in wannan ya wuce wani na tafe, kuma zai sauke shi inda ƙafarsa za ta ƙarasa. Ranar da na Gbazango ya kai haka, Hajiyarka ta ci gari. Kafin nan, zato ake saye da sayarwa.

Hajiya Mai Atamfa: Injiniya, amma ai an yi hanyoyin shiga tashoshin kafin a sake buɗewa. Da can wasu tashoshin ko mota ba ta kai wa.

Injiniya Mai Ritaya: An yi, kuma in kin lura, a wasu wuraren kwaltar nan ta fi jirgin kansa amfanar unguwa. Mai gidan da kwalta ta zo ƙofarsa ya riga ya ci ribarsa, ko jirgi ya yi tafiya ko ya kwanta.

Shugaban Zaure: Jama'a an yi nisa, kuma na goge saƙonni biyu na tallan fili, don Allah a kiyaye. Baban Ummi, ka ji ta kowa. Me ka tsayar?

Baban Ummi: Shugaba, na gode, Allah ya saka wa kowa. Na karanta wa uwargida duka, ta ce Injiniya ya goyi bayanta, ƙanena na tura masa shi ma ya ce Injiniya ya goyi bayansa. Ɗazu bayan la'asar na bi shawarar Maman Walid na tambayi 'yan hayata. Cikin huɗun, mutum ɗaya ne yake hawan jirgin, shi ma don a wajen Idu yake aiki. Sauran ukun bakin titi suke fita. Maganar ƙarin haya da sunan jirgi na janye ta, in zan ƙara zan ce musu siminti ne. Sannan na taka zuwa tashar da agogo a hannu, ashe ba minti goma ba ne, sha bakwai ne, kuma akwai kwatar da idan aka yi ruwa sai an zagaya. Dillalin na ce masa ya ba ni wata uku. Barista, ranar Litinin in sha Allahu zan fito da fayil ɗin, shaidar karɓar da aka ba ni tana cikin akwatin Hajiya. Ita kaɗai zan riƙo, ko har da takardar cinikin wanda ya sayar mini?

Barista: Duka za ka riƙo, Alhaji, har da rasit ɗin duk wani kuɗi da ka taɓa biya da zanen ginin in an amince da shi. Ka yi hoton kowace kafin ka fito, asalin kuma kar ka bar wa kowa.

Dillalin Deidei: Wata uku ya yi yawa Alhaji, mai kuɗi ba ya jira.

Maman Walid: Ba kai ka ce ƙasa ba ta ruɓa ba?